Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga attajiran Kano da shugabannin jami'o'inmu: a kafa mana ɗakin auna haske

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhazanmu na Kantin Kwari, Singa, Dawanau, Ƙofar Wambai da Sabon Gari, Allah ya ƙara arziki mai albarka. Malamanmu shugabannin Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil, da sauran manyan makarantun jihar nan, Allah ya ƙara basira. Ina gaishe ku gaisuwar ɗa ga iyayensa.

Na haɗa ku a wasiƙa ɗaya ne saboda abin da zan roƙa ba mai iya yin sa shi kaɗai a cikinku. Ku Alhazai kuna da kuɗi, kuma ku ne kuke shigo da kayan da zan yi magana a kansu. Ku Malamai kuna da mutanen da suka karanci yadda kayan suke aiki, amma da yawansu ba su da na'urar da za su taɓa da hannu. Gari ɗaya kuke, sai dai ba kasafai ake ganinku tabarma ɗaya ba in ba ɗaurin aure ko bikin yaye ɗalibai ba. Roƙona shi ne a kafa wa Kano ɗakin bincike guda ɗaya wanda aikinsa auna haske da kayan da ke aiki da haske, ku Alhazai ku ɗauki nauyinsa a matsayin waƙafi, ku Malamai ku riƙe shi.

Ni mai haɗa wayar fayiba ne, wato zaren gilashin nan da intanet ke bi ta cikinsa. Karatuna na fiziks bai wuce digirin farko ba, don haka ba da rigar malanta nake magana ba. Zan fara da abin da hannuna ya sani.

Idan katafila ta tsinke waya a wurin aikin titi, mu ake tasowa, ko da tsakar dare ne. Da farko sai a jona wata na'ura a ofis, ta harba ɗan haske cikin zaren, ta jira abin da zai dawo, daga lokacin da ya ɗauka ta faɗa maka cewa a kilomita kaza da mita kaza aka yi ɓarnar. In an je an tono bakin wayar biyu, sai a feɗe rigar robar da ke jikin kowane zare, a goge shi da sifirit, a datse bakinsa da wata 'yar wuƙa ta musamman don ya fita a miƙe sak. Zaren kaurinsa maikuron 125 ne, amma inda hasken ke bi a tsakiyarsa maikuron 9 ne kacal, kuma maikuron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Sai a kwantar da bakunan biyu cikin injin, shi da kansa ya daidaita su ta 'yar kyamararsa, ya saki tartsatsin wuta ya narka su su zama ɗaya. A lokacin hunturu aikin nan sai a cikin mota an rufe gilasai, domin ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta zauna a kan maikuron 9 ɗin nan ta ɓata haɗin. Duk wanda ya tura kuɗi ta waya daga Kwari zuwa Guwanzu, ta irin wannan ɗinkin saƙonsa ya bi. Amma injin da ke ɗinkin, in ya fara ba da lissafin ƙarya, sai dai mu naɗe shi a kwali mu tura Legas ko ƙasar waje a daidaita mana shi.

A shekarar 1966 ne Charles Kao da abokin aikinsa George Hockham suka nuna cewa ba gilashi ne ke cinye haske ba, dattin da ke cikinsa ne, in an tace shi zai kai saƙo nesa. A 1970 kamfanin Corning na Amurka ya yi zaren farko da fiye da kashi ɗaya cikin ɗari na haske ke tsira bayan kilomita guda. Kao ya sami kyautar Nobel a 2009. Zaren da muke binnewa yau sai haske ya yi kusan kilomita 15 kafin rabinsa ya salwanta, kuma shekaru da yawa ana ganin an zo ƙarshen abin da gilashi zai iya. Sai ga shi a 2025 masu bincike na Jami'ar Sawsamton ta Ingila tare da kamfanin Microsoft sun fito da zare mai rami a tsakiya, haske na tafiya cikin iska maimakon gilashi, kuma sai ya yi kilomita 33 kafin ya rasa rabinsa, alhali gilashi mafi kyau bai wuce 21 zuwa 22 ba. Ga kuma sauri, domin a cikin gilashi haske kilomita 200,000 yake yi a daƙiƙa, a cikin iska kuwa kusan 300,000. A Japan, cibiyar NICT ta tura saƙo mai yawan terabit 402 (terabit ma'aunin yawan data ne) a daƙiƙa ɗaya ta cikin zare irin wanda ake sayarwa a kasuwa a 2024, a 2025 kuma ta haura fetabit ɗaya, wato terabit dubu, a daƙiƙa a tsawon kilomita 1,808 da zare mai hanyoyi 19 a cikinsa.

Wannan ba labarin nesa ba ne. Wayar fayiba ta ƙarƙashin teku mai suna Equiano, ta kamfanin Google, ta sauka Legas a 2022, ta 2Africa mai tsawon kilomita 45,000 ta biyo baya. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyi huɗu suka tsinke a ƙarƙashin teku daura da Kodebuwa, kun ga yadda harkar banki ta cije, mai saye yana tsaye da kaya a hannu, kuɗi sun ƙi tafiya. Gwamnatin tarayya ta ce za ta ƙara shimfiɗa kilomita 90,000 na fayiba a ƙasar nan. In an zo rabon aikin da ya faɗo Arewa, wa zai haɗa, wa zai auna, wa zai ce wannan nadin wayar da aka shigo da shi mai kyau ne wancan kuma na bogi ne? In ba mu tanadi yaranmu ba, za a kawo wasu su yi, namu su riƙe shebur.

Ilimin nan na sarrafa haske, wanda ake kira fotoniks, ya yi rassa da yawa, kuma gara in faɗa muku waɗanda ba namu ba ne a yanzu, don kada wani ya zo muku da takarda mai ƙyalli ya karɓe kuɗinku. Injin da kamfanin ASML na Holan ke ƙerawa don zana ƙwaƙwalwar wayoyi da kwamfuta, leza ce ke harbin ɗigon narkakkiyar kuza sau 50,000 a daƙiƙa don a sami haske mai tsawon zango nanomita 13.5 (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na maikuron), kuma guda ɗaya ya haura dala miliyan 150. A Kalifoniya, ranar 5 ga Disamba 2022, an haɗa leza 192 a kan ɗan ƙwayar makamashi, aka zuba makamashi megajul 2.05 aka sami 3.15, karo na farko da haɗewar ƙwayoyin zarra a ɗakin gwaji ta ba da fiye da hasken da aka zuba mata. Nobel ta fiziks ta 2023 ta tafi ga Pierre Agostini, Ferenc Krausz da Anne L'Huillier saboda walƙiyar haske mai gajartar da ake iya bin motsin ilektiron da ita. Kamfanin Nvidia kuma a 2025 ya sanar da na'urorin da haske zai riƙa ɗaukar saƙo tun daga jikin guntun silikon, saboda wayar tagulla ta fara gazawa a manyan rumbunan ƙirƙirarriyar basira, ga cin wuta. Duk waɗannan mu karanta su, mu koya wa ɗalibai, mu tura masu ƙwazo su je su gani. Amma wanda ya ce zai yi muku irinsu a Kano bana ko baɗi, ku ba shi ruwa ya sha ku sallame shi.

Akwai kuwa tambayoyin da mu muka fi kowa dacewa mu amsa, saboda abin gwajin a ƙofar gidanmu yake. Mafi girmansu sola.

Ku duba rufin gidaje daga Ɗorayi zuwa Hotoro, daga Rijiyar Zaki zuwa Kurna. Kowa ya gaji da jiran wuta da tsadar man janareta, kowa ya koma rana. Jami'ar Bayero ta sami tashar lantarki mai haɗa sola da janareta mai megawat 7.1 a 2019, an kuma buɗe mai megawat 10 a yankin Challawa a farkon 2023. To amma lambar da ake liƙawa a bayan farantin sola, wat 300 ko 550, an auna ta ne a yanayi guda: haske mai ƙarfin wat 1,000 a kowace murabba'in mita, farantin kuma yana kan zafin digiri 25. A kan kwanon rufi a Kano cikin watan Afrilu, farantin kan haura digiri 60. Silikon kuwa duk digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage kusan kashi 0.3 zuwa 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa, ka ga fiye da kashi goma ya tafi tun kafin a yi maganar ƙurar hunturu da ke kwanciya a kansa. Wannan ma in farantin na gaskiya ne ke nan. Kowa a harkar ya san ana canza takardar bayan faranti, a mayar da ƙarami babba, a goge tsoho a sayar a matsayin sabo. Magidanci ya tara kuɗin shekara, ko 'yan unguwa su yi karo-karo don rijiyar burtsatsen masallaci, bayan wata uku famfo ya daina tashi, a kama zargin mai haɗawa, shi ya zargi mai shago, mai shago ya ce haka aka aiko masa. Kuma sau da yawa gaskiya ya faɗa, shi ma cutarsa aka yi tun daga can. Alhazai, ku kun san abin da zai faru a Dawanau ranar da aka wayi gari babu kwanon awo da kowa ya yarda da shi. Kasuwar sola a garin nan haka take ci yau, ba kwano. Na'urar da ke haska faranti da hasken da aka san ƙarfinsa ta karanta abin da ya bayar ba wani abin al'ajabi ba ce, akwai kuma kyamarar da ke nuna tsagar da ido ba ya gani a cikin farantin idan aka sa masa wuta a ɗaki mai duhu. Ɗan kasuwar da ya fara sayar da kaya da takardar shaidar awo daga jami'a, shi zai kwashe masu saye.

Ga kuma inda binciken duniya ya zo ya same mu. Silikon shi kaɗai ba zai iya mayar da fiye da kusan kashi 29 cikin ɗari na hasken rana lantarki ba, dokar halittarsa ke nan, na kasuwa ma tsakanin 20 da 23 suke. Shi ya sa ake ɗora masa wani siririn shafe na sinadarin ferobsikayit a sama, shi ya kama shuɗin ɓangaren hasken, silikon ya kama ja da abin da ke ƙasa da ja, wato hasken da ido ba ya gani. Kamfanin LONGi na Sin ya kai kashi 33.9 a 2023, ya kai 34.85 a 2025, kamfanin Oxford PV kuma ya fara sayar da irin wannan faranti a 2024. Matsalar ferobsikayit ɗaya ce, kuma duk masu binciken sun yarda da ita: zafi da laima da zafin hasken rana suna lalata shi da wuri. A Turai sai sun saka shi a akwatin da ke kwaikwayon zafi. Mu kuwa Allah ya ba mu bazara mai haura digiri 40, damina mai laima, hunturu mai ƙura, duk a shekara ɗaya a fili ɗaya. Fili mai shinge, da na'urorin da ke rubuta zafi da haske da ƙura kullum ba fashi, da mutum mai amana da zai kula da su shekara biyar, sun isa su sa masu ƙera waɗannan kaya su nemi Kano da kansu. In ba mu gwada ba, ranar da kayan suka yi arha za a juye mana su a Sabon Gari, mu gano ƙarkonsu da kuɗin talakawanmu.

Na biyu yana asibiti. 'Yar na'urar nan da ake maƙala wa majiyyaci a yatsa don a ga yawan iskar oksijin a jininsa, haske biyu take harbawa ta cikin yatsan, ja da wanda ke ƙasa da ja, ta kwatanta yadda jini ya shanye kowanne. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabarar a farkon shekarun 1970. A watan Disamba 2020 likitocin Jami'ar Mishigan suka wallafa cewa na'urar kan nuna komai lafiya alhali iskar ta yi ƙasa, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata kusan ninki uku a kan farar fata, domin launin fata ma yana shan haske, kuma akasarin waɗanda aka gwada na'urorin a kansu farare ne. Sai a farkon 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida da ke neman a gwada su a kan fatu iri-iri. Tun zamanin korona na'urorin nan suka cika kemis-kemis na garin nan, masu arha, ba wanda ya san a kan wa aka gwada su. Muna da asibitin koyarwa, muna da likitoci, muna da fata tun daga wankan tarwaɗa har baƙi wuluk, ga kuma lalle da matanmu ke ƙunsawa a yatsu, wanda shi ma tambaya ce mai zaman kanta. Me ya sa sai mun jira wani daga Mishigan ya gaya mana wacce za mu yarda da ita?

Haka fitilar da ake sa jarirai masu shawara a ƙarƙashinta. Shuɗin haske ne, wajen nanomita 460 zuwa 490, yake sauya sinadarin da ke sa jiki ya yi ɗorawa zuwa abin da jikin jariri zai iya fitarwa. Amma fitila tana iya ci gaba da haske a ido alhali ƙarfinta na magani ya ragu, kuma ba a sanin haka sai da 'yar na'urar awo da ake riƙewa a hannu. Shawarar da ta yi tsanani kan taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya tashi kurma ko da nakasa. A nan ƙasar aka yi ɗaya daga cikin kyawawan bincike a kan haka: a wani asibitin haihuwa a Legas an gwada jarirai 447, wasu a ƙarƙashin fitila, wasu a ƙarƙashin rumfar leda ta musamman da ke tace hasken rana ta cire mai cutarwa, aka wallafa a 2015 cewa rumfar ba ta gaza fitilar ba. Wata uwa a Bayelsa, Virtue Oboro, bayan ɗanta ya yi fama da cutar, ta ƙera gadon jarirai mai fitilar LED da ke aiki da sola. Ba leza mai tsada a cikin ko ɗaya. Sanin haske ne da iya auna shi. (A kula, wannan ba izini ba ne a shanya jariri a rana tsirara, ranar da ba a tace ba ƙuna take yi.)

Na uku na 'yan Dawanau ne da 'yan magani. Kowane abu yana da yadda yake shan haske da yadda yake mayar da shi, kuma ta nan ake gane shi ba tare da an fasa ko an niƙa ba. Da hasken da ke ƙasa da ja ana sanin laimar hatsi, da yawan man riɗi, da ko an yi wa gari algus, cikin daƙiƙoƙi. Da dabarar da C. V. Raman na Indiya ya gano a 1928 ana haska ƙwayar magani ta cikin ledarta a san ko sinadarin da aka rubuta yana ciki, kuma hukumar NAFDAC ta daɗe tana amfani da irin wannan na'ura ta hannu. Yanzu da aka tattara dillalan magani a cibiyar Dangwauro, wuri ɗaya ne za a ajiye irinta kowa ya amfana. Ba zan yi muku ƙarin gishiri ba: maganin ƙwari irin wanda ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da wakenmu a 2015 ɗan mitsitsi ne a cikin buhu, tabbatar da shi sai ɗakin gwajin sinadarai. Amma tantancewar farko, da raba busasshe da ɗanye kafin a zuba a sito ya yi fumfuna, haske na yi. Abin da ya rage shi ne na'urorin nan sai an koya musu, a haska samfuri ɗaruruwa da aka riga aka san abin da ke cikinsu, kuma masu ƙera su da alkama da masara da waken soya na ƙasashensu suka koya musu. Gero, dawa, maiwa, zoɓo, aya, riɗinmu na Jigawa, wannan aikin yana nan yana jiran mai yi. Digirin digirgir nawa ne a kwance a cikin buhunan Dawanau?

Kada a ce Afirka ba a yi. Jami'ar Kef Kos ta Gana na da cibiyar leza da fayiba tun shekaru da dama. A Dakar, Farfesa Ahmadou Wague ya jagoranci ƙungiyar masana leza ta Afirka tun 1991. A Afirka ta Kudu, Sandile Ngcobo da Andrew Forbes da abokan aikinsu sun fito da leza da ake sauya siffar haskenta daga kwamfuta a 2013, a 2025 kuma aka sanar da cewa Jami'ar Sitelenbosh ta yi musayar mabuɗin sirri na ƙwayoyin haske da Sin ta tauraron ɗan'adam, tazarar kilomita 12,900. A Tanzaniya ana buga madubin duba jini na OpenFlexure da injin ɗab'in roba, tsarinsa kyauta ne a intanet. Cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Tiriyeste ta Italiya a 1964 tana shirya kwas na ilimin haske don matasan ƙasashe irin namu, sai dai wanda ya je ya dawo ba shi da ɗakin aiki, ilimin a kansa zai tsufa, ko kuma ya koma inda ya fito.

Malamai, a ba ni dama in faɗi wata magana, a yi mini afuwa in ta yi ɗaci. Duk taron kimiyya sai an ambaci Hasan Ibnul Haisam, mutumin Basra da ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira kusan shekara dubu da suka wuce, a ce namu ne, a tafa. Gaskiya ne, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta tuna da shi da ta ware 2015 a matsayin shekarar haske. Amma abin da ya ɗaukaka shi ɗaki ne mai duhu da 'yar ƙofa, da fitilu da ya jera yana rufe ɗaya yana duba abin da ya ɓace a bango. A jami'o'in ƙasar nan yau, ɗalibi kan gama digiri a fiziks bai taɓa daidaita madubi biyu da hannunsa ba, bincike ya koma kwaikwayo a kwamfuta saboda shi ne ba ya buƙatar kaya, a wallafa, a sami ƙarin girma, takardar ta kwanta. Na san ba son ranku ba ne, rashin kuɗi da rashin wuta ne. Sai dai in Alhazai sun amsa, ku ma akwai abin da za ku sauke: ɗakin nan kada ya zama na sashe ɗaya ko na farfesa ɗaya mai mukulli a aljihu. Likita ya shiga, masanin noma ya shiga, malamin kwalejin fasaha ya shiga, ɗaliban Dawakin Kudu da Dawakin Tofa da makarantun kimiyya na 'yan mata a kawo su su gani. Yaran Farm Centre da ke gyaran waya a ƙarƙashin madubi, har wasunsu na ɓare gilashin bayan waya da injin leza, sun fi yawancin masu digiri saitin hannu. A buɗe musu kwas na wata uku ko shida a haɗa fayiba da gwajin sola da gyaran na'urorin asibiti, a ba su takarda, kada a tambaye su sakamakon JAMB.

Alhazai, na san hannunku a buɗe yake. Masallatai, Islamiyyu, ɗakunan asibiti da gine-ginen jami'a masu ɗauke da sunayen iyayenku shaida ne. Amma a wannan karon ina roƙo kada a fara da gini. Ɗakuna biyu ko uku da ake da su sun isa, a toshe kafofin ƙura, a sa sanyi, a ba su solarsu da batir ta kansu. Kayan awon da na ambata yawancinsu kuɗin mota ne, wasu ma kuɗin babur. Abin da ke kashe irin wannan wuri a ƙasar nan sananne ne: a sayo na'ura a yanka ƙyalle a ɗauki hoto, bayan shekara fitilar cikinta ta mutu, ba kuɗin sayen wata, ma'aikacin da ya iya ta ya sami aiki a wani wuri, a lulluɓe ta da leda. Shi ya sa na ce waƙafi. A tsayar da shaguna ko gida da hayarsa za ta riƙa biyan albashin ƙwararrun ma'aikata biyu ko uku, albashin da zai hana su tafiya, da kuɗin gyara, da kuɗin aika kayan awo a daidaita su a kan lokaci, domin ma'aunin da ba a duba shi shi ma maƙaryaci ne. Kwamitin amintattu ya haɗa 'yan kasuwa da malamai, a riƙa karanta lissafi a fili duk shekara. Wanda ya kawo kaya a auna masa ya biya, kuma sakamako ya fita yadda yake ko da kayan na wanda ya ba da waƙafin ne. In ba a amince da wannan sharaɗi na ƙarshe ba, gara a bar maganar tun yanzu.

Wani zai ce yara na yawo a titi ba makaranta, asibitoci ba gado, kai kana zancen haske. Ban musa ba. Amma kuɗin da ake asara a farantin bogi da batirin da ya mutu saboda shi, da hatsin da ya ruɓe a sito, da jaririn da ya kwana uku a ƙarƙashin fitilar da ba ta magani, duk daga aljihun waɗannan talakawan suke fita.

UNESCO ta ware ranar 16 ga Mayu ta kowace shekara a matsayin ranar haske ta duniya, don a ranar ce a 1960 Theodore Maiman ya kunna leza ta farko. Ina ba da shawara kafin ta zagayo, sassan fiziks da injiniyan lantarki na jami'o'inmu su aika mutum ya sayo faranti goma daga shaguna daban-daban ba tare da an san don me ba, a rufe sunayen shagunan, a jera su a fili da tsakar rana, a auna su da kayan da ake da su a hannu a gaban shugabannin kasuwa da 'yan jarida, a rubuta abin da takarda ta ce da abin da mita ta ce. Daga nan sai a zauna, Malamai su zo da jerin kayan da ake buƙata da farashinsu na gaskiya, Alhazai su zo da wanda zai duba lissafin. Mu masu aikin fayiba za mu zo da injinanmu, duk mai so ya ga yadda ake ɗinke gilashi ya gani.

Allah ya ƙara wa Kano albarka, ya sa ku fi haka. Wassalam.

Ɗanku,
mai haɗa wayar fayiba, daga cikin birnin Kano.